Sai da muka kai gaban layi aka ce bai kai ba

Wallahi abin da ke ƙona min rai da wuraren wasan yaran nan shi ne ba sa faɗa maka komai tun daga geti. Washegarin Sallah muka kwashi yara daga Kaduna har Abuja, mun biya kuɗin shiga, ashe kowane lilo da tikitinsa daban, wannan ma na haƙura.

Amma a ce mun tsaya layin motocin nan masu karo da juna kusan awa ɗaya cikin rana, ga goyo a bayan mamansu, ga ɗana mai shekara 4 sai tsalle yake yana murna, sai da muka iso gaba sannan ma'aikacin ya jawo shi ya gwada tsayinsa wai bai kai ba. Haba malam! Ni ban ƙi dokar ba, don lafiyar yaro aka yi ta, amma me zai hana a kafa ma'aunin a farkon layi kowa ya gani?

Yaron nan kuka ya dinga yi, ko askirim ɗin da na saya masa bai karɓa ba, yayyensa ma jikinsu ya yi sanyi suka ce Baba mu tafi gida kawai.