Farashin sari ba ya buƙatar shago na biyu

'Yan kasuwa da dama sun ɗauka cewa mai sayar da kaya a intanet sai ya buɗe shago biyu, ɗaya na 'yan sari, ɗaya na masu sayen ɗai-ɗai. Ba haka ba ne, kuma wannan zaton yana jawo asara.

Shago ɗaya ya isa. Abin da ake rabawa shi ne masu saye. Alal misali, a PrestaShop, wata manhajar buɗe shago a intanet, akwai rukunin abokan ciniki tun asali: sai ka ƙirƙiri rukunin 'yan sari, ka sa musu nasu farashin da adadin da ragin zai fara aiki a kansa. A WooCommerce kuwa, wata manhajar irinta, sai an ɗora ƙarin wata ƙaramar manhaja kafin a iya hakan.

Ɗauki mai atamfa a Kantin Kwari. Baiwar Allah da ke neman turmi ɗaya za ta ga farashin kowa. Dillalin da aka amince da shi, da zarar ya shiga da sunansa, sai farashin dila ya bayyana masa shi kaɗai.

Ni abin da ya fi damuna da shago biyu shi ne lissafi: turmin ƙarshe ya fita a can, a nan kuma har yanzu ana nuna akwai shi, wata ta biya kuɗi tana jira.