Wayar da ba a gani ita ke ɗauke da sautin mota

Maƙwabcina a nan Hiyuston, a jihar Teksas ta Amurka, yana da akori-kura ƙirar Ford F-150, kuma a bara ya ƙudiri aniyar saka mata kayan sauti masu ƙarfin wat 2,000. Na ɗauka zai fara da sayen lasifika, kamar yadda na saba gani a gida, amma ya yi makonni bai sayi ko ɗaya ba. Ranar da ya soma aikin ina tsaye a gefensa ya buɗe bonet, ya ɗora tsinkayen mita a kan batir injin yana aiki, mitar ta nuna bolt 14.3; da ya kunna fitilu da na'urar sanyaya mota sai lambar ta ɗan sauka. Daga nan ya ɗauko takarda ya shiga lissafi.

Lissafin ba shi da wuya, kuma shi ne nake fata kowane mai mota a Kano da Kaduna ya sani. Amfilifaya ta zamani, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, tana mayar da kimanin kashi 80 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa sauti, sauran kuma ya tafi a zafi. Saboda haka idan ana son wat 2,000 na gaske, sai ta ja kusan wat 2,500, wanda idan aka raba shi da bolt 14 zai ba da amfiya kusan 180 a lokacin da aka ƙure sautin. Altanetar da kamfani ya saka, wato na'urar da ke samar wa mota wuta tana cajin batir, an yi ta ne domin bukatun motar kanta, kuma ba ta ba da cikakken ƙarfinta idan mota tana tsaye a cunkoso injin yana juyawa a hankali. Duk abin da ta gaza bayarwa daga batir ake ɗebo shi, shi ya sa fitilu suke dusashewa duk lokacin da ganga ta buga, kuma batir yake mutuwa kafin lokacinsa.

Abin da maƙwabcin nawa ya fara yi shi ne ƙarfafa wayoyi uku: wadda ta taso daga altaneta zuwa batir, da wadda ta haɗa batir da firam ɗin mota, da wadda ta haɗa jikin injin da firam. Ya yi amfani da waya mai kauri kamar babban yatsa, ta jan ƙarfe zalla, ya ƙi mai araha wadda cikinta alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, domin alminiyom yana ɗaukar kimanin kashi 60 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka. Da yake tun daga 2015 jikin F-150 na alminiyom ne, a firam ɗin ƙarfe ya ɗaura wayar ƙasa, wato wadda wuta ke bi ta koma batir, bayan ya kankare fenti har ƙarfen ya yi ƙyalli. Sai da ya gama wannan ya sauya altaneta da mai ƙarfi, ya kuma saka fis, wato abin da ke ƙonewa ya yanke wuta idan ta yi yawa, a babbar wayar, bai kai taku ɗaya da rabi daga batir ba.

A kan fis ɗin nan ne zuciyata ta koma gida. Na sha ganin motocin talla da na kamfen da na masu maganin gargajiya ɗauke da lasifikoki a rufinsu, wayar da ke ba su wuta kuwa siririya ce irin ta gida, an murɗa ta a kan batir da hannu, an naɗe da salatif, an bi da ita ta ramin da ba shi da roba. Idan fis ya ƙone, sai a naɗa masa zaren waya a mayar, alhali ƙonewarsa sanarwa ce cewa wayar ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Batirin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya nan take idan waya ta goge ta taɓa ƙarfe, kuma waya marar fis a wannan hali jajur take yi ta kama da wuta.

Ban yarda laifin na masu rewaya ba ne kaɗai, domin a hannu ban ga wanda ya fi su ba. Rewaya a Ƙofar Ruwa ko Panteka zai kwance altaneta, ya sauya gawayinta da dayod, ya mayar da ita tana aiki, yayin da a nan galibi cire ta ake yi a ɗora wata. Matsalar ita ce mai mota yana biyan abin da ido ke gani ba tare da gardama ba, amma da an ambaci kuɗin waya mai kauri sai ya ce ana son cutarsa, shi kuwa mai aiki ba ya son ciniki ya wuce shi. Akwai ma dabarar da nake yaba wa mutanenmu a kanta, wato ɗora ƙaramin janareta a bayan akori-kura domin ya ɗauki nauyin kayan sautin, wanda ke raba motar da wahalar baki ɗaya, muddin an ɗaure shi da kyau kuma an nisanta jarkar fetur daga gare shi.

Ƙanena yana da Hilux da ake haya domin talla a Kano, kuma ya kira ni yana cewa, “Yaya, a taimaka a aiko mini da amfilifaya mai ƙarfi.” Na ce masa zan aiko, amma sai ya fara zuwa wurin rewayansa a auna batir injin yana aiki da fitilu a kunne, da rana tsaka, domin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana rage ƙarfin altaneta. Kwalin da na fara tura masa waya ce ta jan ƙarfe, da gidan fis, da fis guda uku, da ƙaramar mita.