Ƙannena, Ku Daina Yi Wa Kanku Likita Da Kafso

Na je dubiya asibiti cikin makon nan, na dawo raina a ɓace. Mara lafiyar matashi ne, ciwon mafitsara ya kwantar da shi har cutar ta hau jini. Mahaifinsa ya miƙo mini takardar gwaji ya ce in duba masa. An jera sunayen magunguna daga sama har ƙasa, gaban kowanne an rubuta harafi ɗaya: S na nufin maganin zai kashe ƙwayar cutar, R na nufin ta bijire masa. Na bi da yatsa ina ganin R, R, R, sai can kusa da ƙarshe na ga S, shi ma na allura ne da ake sawa ta jijiya. Takardar tana hannuna wani abokinsa da ya zo dubiya ya yi atishawa, sai na kusa da shi ya zura hannu aljihu ya ɓallo masa kafso biyu, ya ce, "Afa wannan, kafin dare ka ware." Ya afa, ya kora da ruwa. A gaban gadon fa!

Haba ƙannena! Mutum bai ga likita ba, bai yi gwaji ba, ko sunan abin da ya haɗiye bai sani ba, launinsa kawai ya sani. Mura kafso, ciwon kai kafso, ƙurji ya fito kafso, ciki ya murɗa kafso. Wanda ya bayar ragowar nasa ne na watannin baya da ya ƙi shanyewa, wanda ya karɓa kuma har godiya yake yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wallahi.

Mura ƙwayar cutar da ake kira bairos ke kawo ta, antibayotik kuwa, wato kafson nan da aka yi don kashe wata irin ƙwayar cuta daban mai suna bakteriya, ba ya taɓa bairos ko da ka sha kwali guda. Fenisilin da danginsa bangon da ke kewaye da jikin bakteriya suke hana ginuwa har ta fashe, wasu magungunan kuma sashen da take haɗa furotin da shi suke tsayarwa. Bairos ba shi da wannan bango, a cikin ƙwayoyin jikinka yake ɓuya ya hayayyafa. Murar za ta yi mako guda ko kwana goma ta wuce da kanta, sai ka ce kafso ne ya yi aiki, gobe ka ƙara, jibi ka koya wa ƙaninka.

To ina kafson ya tafi? Hanjinka ya tafi, inda bakteriya ke zaune ba iyaka, yawancinsu masu amfani. Ya kashe masu rauni, ya bar masu taurin kai, ya share musu fili. Ina yawan jin ana cewa, "Ai jikina ne ya saba da maganin, shi ya sa ya daina yi mini." Ba jikinka ba ne, ƙwayar cutar ce ta canza. Bakteriyar E. coli in ta samu wuri mai daɗi tana rabuwa biyu kusan duk minti 20, ƙwaya ɗaya kan haura miliyan kafin awa 7 ta cika. Duk rabuwa sai ta kwafi DNA ɗinta, wato kundin halittarta da take gadar wa 'ya'yanta, a wajen kwafin kuma akan samu kuskure. Yawancin kuskuren ba ya amfanar ta, amma cikin miliyoyi sai a dace da wanda ya sa magani ya kasa kama ta. Ita ce za ta tsira, 'ya'yanta su cika wurin. A 2016 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna wannan a bidiyo: sun shimfiɗa babban faranti, suka zuba magani mataki-mataki, kowane mataki ya fi na baya ƙarfi, suka saki bakteriya daga gefe. Cikin kwana 11 ta isa tsakiya, inda ƙarfin maganin ya ninka wanda ya kashe kakanninta sau 1,000. Kwana 11! Kai kuma shekara nawa ka yi kana ba naka horo da kafso bibbiyu?

Dabarun bakteriya ba ɗaya ba ne. Wasu suna fitar da sinadarin da ke yanka maganin kafin ya taɓa su, irin wanda masana ke kira beta-lactamase, kuma tun 1940 Abraham da Chain suka gano irinsa, kafin ma fenisilin ya wadata a asibitoci. Wasu suna da famfo a jikin fatarsu, maganin na shiga suna tunkuɗo shi waje. Wasu suna canza siffar wurin da maganin ke kamawa. Haka Staphylococcus aureus ta yi: an fito da methicillin don a yi maganinta, zuwa 1961 aka same ta a Ingila ta bijire masa, saboda wata ƙwayar halitta mai suna mecA da ke ba ta sabon magini na bango wanda maganin ba ya iya riƙewa. Ita ce MRSA da ke addabar asibitocin duniya har yau.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba sa rowa. Bakteriya na ɗauke da wani ɗan zoben DNA da ake kira plasmid, tana manne wa maƙwabciyarta ta miƙa mata kwafi, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, tamkar ɗalibin da ke zura wa na bayansa takardar satar amsa a ɗakin jarrabawa. Wato wadda ba ta cutar da kai a hanji za ta iya koya wa mai kisa. A 2008 aka gano NDM-1 a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya taɓa kwanciya asibiti a New Delhi. Sinadari ne da ke lalata carbapenem, magungunan da likitoci ke ajewa don ranar da sauran suka gaza, kuma cikin 'yan shekaru ya bazu nahiyoyi. Aka koma wa colistin, tsohon maganin da aka jingine saboda yana wahalar da ƙoda, sai a 2015 aka ba da rahoton mcr-1, ƙwayar halittar da ke sa bakteriya ta bijire wa colistin, a Sin, a jikin aladu da mutane, shi ma a kan plasmid. Masu kiwo da ke zuba antibayotik cikin abincin dabbobi da kaji lafiyayyu don su yi saurin ƙiba, ku ma kuna da alhaki a wuya, kuma Tarayyar Turai ta hana wannan tun 2006. A 2016 wata tsohuwa ta rasu a jihar Nevada ta Amurka, an gwada ƙwayar Klebsiella da ta kama ta da magunguna 26, duk ta bijire. Don haka kada wanda ya ce mini, "Cikina ne, kuɗina ne, ina ruwanka?" Da ruwana. Abin da ka reno a hanjinka zai bi hannunka da ba ka wanke ba ya isa ga jaririn gidanku.

Sai ɗan'uwan mai kafso biyu, wanda likita ya rubuta masa na kwana bakwai, ya sha na kwana biyu, zazzaɓi ya sauka, ya jefa sauran a aljihun tebur. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Likita ne ya san tsawon da ya dace da cutarka, wata gajere, wata dogo, in za a tsayar shi zai ce a tsayar. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗin cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi maganin a kanti, jahili ya sha ƙasa da ƙima, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Mu yake nufi, tun ba a haifi iyayen wasunmu ba. Dubi tarin fuka. Maganinsa wata 6 ne in an bi ƙa'ida. Mutum ya sha na wata biyu, ya ga ya fara ƙiba, ya gudu. Canji kaɗan a ƙwayar halittar rpoB ta bakteriyar tarin ya isa ya sa rifampicin ya tashi aiki, canji a katG ya kashe isoniazid, su ne kuwa manyan magungunan tarin biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kimanin mutum 400,000 sun kamu da irin wannan tarin mai bijire wa magani a 2023, kuma da yawansu ba su taɓa wasa da magani ba, tarin wani suka shaƙa. Garin neman gira an rasa ido, kuma idon wasu ma ya tafi. A 2016 taifot mai bijire wa kusan duk magungunan da aka saba ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan. Ciwon sanyi kuwa, da samari ke jin kunyar kai wa likita suna binsa da kafso a ɓoye, ya cinye magunguna ɗaya bayan ɗaya har an dawo ana dogaro da allurar ceftriaxone. Wanda bai ji kunyar aikata abin ba, me zai sa ya ji kunyar likita?

'Yan mata, ku ma ban bar ku ba. Ɗan ƙaiƙayi ya taso, sai ƙawa ta ce ga wani man shafawa mai haɗi uku, ko a afa fluconazole, maganin fungas, wato dangin ƙwayar da ke kawo makero, duk wata ba gwaji. Fungas ya fi bakteriya wuyar sha'ani, domin ginin ƙwayarsa ya yi kama da na jikinmu, abin da zai kashe shi bai taɓa mu ba kaɗan ne. Manyan rukunan maganin da ake da su don wanda ya shiga jini uku ne kacal. A Indiya, yawan shafa man da aka gauraya da sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, ya taimaka wajen yaɗuwar wani makero mai taurin kai, Trichophyton indotineae, wanda maganin makero terbinafine ke yawan kasawa a kansa. Sitiroyid ɗin na kwantar da ƙaiƙayi, fungas na ci gaba da cin fata a ƙarƙashi. Masu shafa irin wannan man don fata ta yi haske kuwa, nasu abin kukan daban ne. Ga kuma Candida auris da aka fara bayyanawa a 2009 daga kunnen wata majinyaciya a Japan. Tana iya yin makonni a jikin gado da kayan asibiti, kuma a Amurka kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka gwada ba sa jin fluconazole. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun farko na fungas mafi haɗari.

Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, tana kuma da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Na san ba ku kaɗai ke da laifi ba. Akwai likitan da ke rubutawa don a rabu lafiya, akwai mai sayarwa da ba ya tambayar takarda, akwai maganin jabu, akwai wanda nisa da rashin hali suka hana shi asibiti. Wannan ina tausaya masa. Amma mai babbar waya da ke kashe awa biyar yana kallon bidiyo, sannan ya ce ba shi da lokacin bin layi, wane uzuri gare shi? A wayar ma yake samun malamansa, yaro ya sa farar riga ya kunna kyamara yana rubuta wa dubban mutanen da bai taɓa gani ba magani. Zamanin da ƙwaya ta zama abin wasa ke nan, wannan na barci, wannan na ƙarfi, wannan na mantuwa, an afa an kora. Ku ji tsoron Allah, ku nemi masu sani, ku yi haƙuri da jikinku. Wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

Da can ba haka ake kallon magani ba. A 1941 a Oxford aka sa wa wani ɗan sanda, Albert Alexander, fenisilin. Ya fara farfaɗowa, amma maganin ya yi ƙaranci har likitoci suna tace shi daga fitsarinsa su sake sa masa, da ya ƙare ciwon ya dawo ya rasu. Iyayenmu da suka ga ana mutuwa da ciwon da yau ake rainawa sun san darajar abin nan. Uwa kan zauna da agogo tana jiran lokacin cokali na gaba, ta adana takardar likita, ta koma ranar da aka ce ta koma. Babba ya ce bari, a bari. Yanzu kowa malami ne, ka yi wa yaro gyara ya nuna maka waya. Ilimi ya yawaita, ladabin neman sani ya tafi, haƙuri ya bi shi.

Masu cewa ai Turawa za su ƙirƙiro sabo, ku sani kamfanoni da dama sun janye daga wannan fage don ba riba. Kamfanin Achaogen na Amurka ya samu amincewar sabon antibayotik ɗinsa a 2018, ya karye a 2019. Tiyatar haihuwa, dashen ƙoda, maganin sankara, renon bakwaini, duk a kan waɗannan tsofaffin magunguna suke tsaye, kuma su ne muke ɓarnatarwa a kan atishawa. Yaran gida na tsaye suna kallon yayyensu suna buɗe aljihun tebur suna ɓallo kafso, su ma abin da za su tashi da shi ke nan, kuma ba na jin a cikin manyan gidan akwai mai tsawatarwa.