Yadda Na Biya Kayan Faɗar Kishiya Ba Tare Da Na Yi Amarya Ba

A shekarar 2006 ina birnin Leeds na ƙasar Ingila ina karatun digiri na biyu, ina haya a ɗakin saman gidan wata tsohuwar Baturiya da nake kira Gwaggo. Ba ta san ma'anar sunan ba, amma in na kira tana amsawa. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, daga ita sai wata mage mai ƙiba kamar an hura ta da famfon keke, sai kuma ni. Iyalina suna Kano, matata da 'yarmu Ummi mai shekara biyu, a sashenmu cikin gidan Hajiya.

Lokacin babu WhatsApp. Ƙa'idarmu ita ce duk Asabar da yamma in sayi katin kira na fam 5 a shagon wani Bafakistane da ke bakin layinmu, in kankare shi da kwabo, in danna lambobin da suka fi na asusun banki tsawo, sannan in jira Kano ta ɗauka. Layin ma jinkiri gare shi. Sai ka yi magana, ka ji muryarka ta dawo maka, sannan amsar tambayar da ka yi ɗazu ta iso. Kafin a gama ina gajiya, ina yara, yaya ruwa, yaya jikin Hajiya, wata mata ta cikin katin ta shigo ta ce saura minti ɗaya. Abu guda da ya zo da sauƙi shi ne a watannin zafinsu agogon Ingila da na Najeriya ɗaya ne, saboda haka matata ta san lokacin da waya za ta yi ƙara, har takan yi wa Ummi wanka ta zaunar da ita kusa.

A ƙarshen watan Yuli Gwaggo ta kira ni falo, ta ajiye mini shayi da biskit biyu, ta ce in zauna in taya ta kallon wani sabon shiri a tashar BBC One. Sunansa How Do You Solve a Problem Like Maria?, wato dai "yaya za a yi da matsala irin ta Mariya?" Ashe ni ake yi wa tambayar.

Ga yadda abin yake. Andrew Lloyd Webber, attajirin nan mai tsara waƙoƙin wasannin dandali, da abokin harkarsa David Ian, za su sa wasan The Sound of Music a gidan wasa na London Palladium, suna neman yarinyar da za ta fito a matsayin Mariya, tauraruwar labarin. Maimakon su zauna a ofis su ɗauki wadda suka ga dama, sai suka baje abin a gaban ƙasa. Aka tace 'yan mata aka tace har suka koma goma. Duk Asabar su fito kai tsaye su rera waƙa, alƙalai uku su yaba ko su kushe, Graham Norton mai gabatarwa ya yi ta barkwanci, jama'a kuma su buga waya su zaɓi wadda suke so. Biyun da suka fi ƙarancin ƙuri'a sai su sake karawa, Lloyd Webber ya ceci ɗaya, ɗayar ta tattara nata ya nata. Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma har yau nake ganin rashin imani ne, shi ne yadda ake sallamar wadda ta faɗi. Sauran za su jeru suna murmushi suna ɗaga mata hannu suna yi mata waƙar ban kwana, tamkar kishiyoyi sun rako wadda aka saka zuwa bakin zaure.

Makon farko don kara na zauna. Ni da nake yi wa ƙannena dariya in sun kafa kujera gaban fim ɗin Indiya. Amma kafin wata ya zagayo ni ne mai jawo kujeru, ni ne mai korar mage daga kan rimot. Gwaggo ta tsaya wa Connie Fisher, wadda kafin gasar aikin tallar kaya ta waya take yi. Ni kuma na ɗauki Helena Blackman, ba don komai ba sai don kullum ita ke faɗowa ƙasa ana ceto ta da ƙyar. Allah ya yi ni da tausayin wanda ake dannewa. Kuma zaɓen nasu akwai daɗi, za ka iya jefa ƙuri'a sau goma ba wanda zai kira ka ɗan maguɗi, kuɗin wayarka ne kawai zai yi kuka.

To, kuɗin nawa ya yi kuka. Kiran Asabar ya koma Lahadi, katin fam 5 da nake ƙararwa a zama ɗaya na fara raba shi mako biyu. Wata Lahadi a farkon Satumba, bayan an gaisa, matata ta ce, "Baban Ummi, wai me ke cinye maka Asabar ne yanzu?"

Na ce, "Wallahi hidimar Mariya ce ta sha mini kai."

Shiru. Na ɗauka jinkirin layi ne.

"Wace Mariya?"

"Ai ba a tsayar da ita ba tukuna. Su goma ne da farko, yanzu saura biyar, ana ta tacewa."

"Goma."

"Eh. Amma ni akwai wadda hankalina ya kwanta da ita. Ga ladabi, ga murya. Mutane ne dai ba sa son ta, ni nake ta kashe kuɗi a kanta don kar ta kufce."

Daidai nan matar cikin katin ta ce saura minti ɗaya. Na ce a shafa mini kan Ummi, layi ya yanke, na hau sama na yi barcina har da minshari.

Ranar Litinin ina ɗakin karatu sai ga filashin daga Yaya. Ɗaya, biyu, uku. A gidanmu filashin uku ma'anarsa ko mutuwa ko kuɗi. Na ruga na sayo kati.

Ko sallamata bai gama amsawa ba ya ce, "Kai, ashe haka boko ya mayar da kai? Aure ai ba laifi ba ne, sunna ce. Amma ina yayanka sai dai in tsinci zancen a bakin mata?"

Na ce, "Yaya, wane aure?"

"'Yar wane gari ce Mariyar?"

A nan ne na yi kuskuren da ɗan boko kaɗai zai yi. Maimakon in ce wasa ne in yi shiru, sai na ga ya kamata in fara daga tushe, in ba shi labarin yadda ya dace. Na ce, "Ita dai Mariyar, a Salzburg take, can ƙasar Ostiriya. Tana gidan sistoci ne, tana shirin zama sista."

Yaya ya yi salati mai tsawo, wanda na lissafa ya ci mini kusan sulai biyu na Sarauniya. Sannan ya yi gyaran murya ya ce to, malamai sun yi magana a kan matan Ahlul Kitabi, ba a nan gizo ke saƙar ba, in ci gaba.

"Sai aka tura ta riƙon yara bakwai..."

"Bakwai! Bazawara ce?"

"A'a, 'ya'yan wani kyaftin ne na sojan ruwa, matarsa ta rasu. Daga ƙarshe ma shi zai aure ta."

"To kai kuma a su wa? Da soja kake takara? Kai da ko ɗan kwikwiyo ya yi haushi sai ka haye katanga?"

Na ce, "Yaya, ka tsaya, a talabijin fa ake yin abin nan." Amma saboda jinkirin layi, maganata ta isa ne daidai lokacin da yake tambayar ko mutane sun sani. Sai na ji ya juya yana gaya wa wani a gefensa, "Wai har a talabijin ake nuna su." Na ce wani tsohon Bature ne mai kuɗi yake da ta cewa a kan wadda za ta tsaya. Ya ce, "Shi ne waliyyin ke nan." Kati ya ƙare.

Washegari Hajiya ta sa aka kira ni. Ita Hajiya ba ta faɗa, kuma da ma ta yi faɗan ya fi sauƙi. Ta ce, "Na ji abin arziki. Allah ya sa alheri. Sai dai ka sani yarinyar nan da ka bar mini ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Kuma ga shi muna cikin Sha'aban. Na san watan rububin aure ne, amma kai in ma za ka yi, ka bari a sha ruwa." Na rantse, na maimaita, na ce wasan kwaikwayo ne. Ta ce, "Ai duk namiji haka yake cewa da farko, mahaifinku ma cewa ya yi taimako ne."

Matata kuwa ba ta yi yaji ba, ba ta yi kuka a waya ba, ba ta ma ɗauki wayar ba. Saƙon tes kawai ta turo ta wayar Yaya, ba sallama ba gaisuwa: atamfa super uku, leshi biyu, shadda ɗaya, mayafai, takalmi da jaka mahaɗi, sarƙa da 'yan kunne. A ƙasa ta rubuta, "Kayan faɗar kishiya." Daga baya na ji maƙwabta har sun fara shigowa dannar ƙirji, wata ma ta kawo mata sunan wani malami.

Na sauko falo jiki a sanyaye na yi wa Gwaggo bayani. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share hawaye, mage ta tsorata ta shige ƙarƙashin kujera. Da ta natsu ta tambaye ni da gaske wai a cikin goman nawa doka ta yarda in ɗauka. Na ce uku suka rage mini. Ta ce to ai daidai ke nan, uku ne za su je zagayen ƙarshe.

Zagayen ƙarshen ya kama Asabar 16 ga Satumba, saura kamar mako guda a ɗauki azumi. Connie, Helena da Siobhan Dillon suka rage. Na yanke shawarar kawo hujja da ba ta da ja: na sayi kati biyu, na ce Yaya ya tara kowa ya buɗe lasifikar wayarsa, ni kuma zan kanga tawa a jikin talabijin su ji da kunnensu.

Aka cire Siobhan, ya rage tawa da ta Gwaggo. Na durƙusa gaban akwatin, hannu a miƙe kamar mai roƙon ruwa. Can Kano suka ji mace tana rera waƙa, ga kiɗa, ga tafi kamar rufin zai faɗo. Sai na jiyo muryar ƙanwar Hajiya daga nesa tana cewa, "La ilaha, har an fara kamu?"

Da Graham Norton ya faɗi sunan Connie, Gwaggo ta yi tsalle irin wanda ban zaci gwiwarta za ta iya ba, ta fizge wayar daga hannuna ta dinga kwarara ihu a ciki da Turanci cewa mun samu Mariyarmu, mun samu Mariyarmu. Da ƙyar na ƙwato. Hajiya ta ce, "Ita ce wannan? Ai muryar tsohuwa nake ji."

"A'a Hajiya, Gwaggo ce."

"Gwaggon amaryar. To, a gaishe ta."

Ni kuma a lokacin, in faɗi gaskiya, raina ya ɓaci da faɗuwar Helena har na manta abin da ya tara mu. Cikin muryar wanda aka yi wa rasuwa na ce, "Tawa dai ta faɗi. Wata aka ɗauka."

Sai na ji muryar matata, karo na farko cikin mako biyu, a fili tar ba jinkirin layi: "Alhamdulillahi."

Abin da ya wanke ni kaset ne. Gwaggo tana naɗar shirin a bidiyo tun daga farko, ta ba ni, na ba wani ɗalibi ɗan Zariya da zai je gida bayan ƙaramar Sallah. Aka tayar da janareto, aka cika ɗakin Hajiya har da maƙwabtan da suka zo dannar ƙirji. Yaya ya kira ni da kansa, da kuɗinsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ya duba kaf bai gan ni a ciki ba, kuma tsohon waliyyin nan da gani ba zai ba talaka 'ya ba. Matata ta karɓi wayar ta ce, "Baban Ummi, wannan ce ka ƙarar wa kuɗin katina? Ai wadda ta ci ta fi ta murya nesa ba kusa ba. Ko zaɓen ma ba ka iya ba." Na so in tuna mata cewa ni na zaɓe ta, na ga ba lokacinsa ba ne.

Na ɗauka magana ta mutu, sai na ce to yanzu batun jerin kayan nan sai a yafe, tunda ba amarya. Hajiya ta ce a ba ta wayar. Ta ce, "Sunan abin me? Kayan faɗar kishiya. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?" Na ce na faɗa, amma... Ta ce, "To ai shi ke nan. Ba a ce kayan kawo kishiya ba."

Wata biyu ina wankin kwanuka a wani gidan abinci da daddare kafin na haɗa kuɗin, Yaya ya shiga Kantin Kwari ya yi sayayya, ya kuma cire ladan wahalarsa. A watan Nuwamba aka buɗe wasan a London Palladium, Gwaggo ta samo mana tikiti biyu da kujerar bas zuwa Landan. Sai da na kira Kano na nemi izini, aka ba ni bisa sharaɗin zan zauna a baya.

Cikin atamfofin nan uku akwai wata mai ruwan ganye da har yau take ƙasan akwatin matata, ba ta ɗaura ta sai babban biki. Ummi yanzu ta yi aure, amma in ta zo gida ranar irin wannan, ina zaune a falo zan ji uwar ta ɗaga murya yadda zan ji da kyau: "Ummi, ɗauko mini Mariya ki goge."