Nasiha ga iyayen ɗaliban sakandare da ke zaune a Saudiyya

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, 'yan'uwana iyaye da aiki ya kawo Riyad, Jidda da Dammam, musamman ma'aikatan asibiti da suka taho da iyalinsu daga Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa da Gwambe.

Maganar da nake so mu duba ita ce ta 'ya'yanmu da suka kai sakandare. A gida Najeriya, yaro mai shekara 14 yana samun koyarwar Littafi Mai Tsarki ta hanyoyi da yawa ko da iyayensa sun yi sakaci, domin akwai darasin addinin Kirista a aji, akwai makarantar Lahadi da ajin baftisma, akwai zumuntar ɗalibai ta FCS, ga kuma kaka da ke rera waƙoƙin sujada tana tsince wake a tsakar gida. A nan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu majami'a, makarantun da muke biya wa kuɗi masu yawa ba sa koyar da addinin Kirista, kuma tun 2013 da aka mayar da hutun mako zuwa Juma'a da Asabar, Lahadi ce ranar farko ta aiki, har yaro ya saba tashi ya ɗauki jakarsa ba tare da ya tuna wace rana ce ba. Saboda haka duk abin da ɗanka bai ji daga bakinka ko na mahaifiyarsa ba, ba zai ji shi a ko'ina ba.

Mu baƙi ne, kuma wajibi ne mu kiyaye dokar ƙasar da ta karɓe mu. Ba ina kiran kowa ya fita wa'azi ba ne. Ina maganar uba da uwa da 'ya'yansu a cikin falonsu, inda Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora nauyin tun farko: a koya wa yara maganar Allah sa'ad da ake zaune a gida, da sa'ad da ake tafiya, da lokacin kwanciya da na tashi.

Ku dubi Timoti da kyau. Mahaifinsa Baheleni ne, kuma a Listira ya tashi, garin da mutanensa suka ɗauki Bulus da Barnaba a matsayin alloli har suka so yi musu hadaya. Duk da haka Bulus ya shaida cewa tun yana ƙarami ya san Littattafai masu tsarki, ya kuma ambaci sunayen waɗanda bangaskiyar ta fara zama a cikinsu, wato kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Mata biyu ne suka yi wannan aiki a cikin gida, a garin da ba ya taimaka musu da komai, kuma yaron da suka yi renonsa shi ne Bulus ya bari a Afisa ya kula da ikkilisiya. Ni a ganina babu uzurin da za mu kawo wanda waɗannan mata ba su riga sun fuskanta ba.

Na san gajiyar aikin dare, na kuma san yadda mutum ke dawowa daga asibiti idanunsa sun yi ja, ya tarar da yarinyarsa a kan kujera da waya a hannu, ya ce bari ya huta tukuna. Amma ku lura da maƙwabtanmu Musulmi, cikinsu har da Hausawan da suka daɗe a Jidda: su ma suna aiki, amma bayan la'asar za ka ga yaransu sun nufi masallaci wajen hadda. Wannan himma abar koyi ce. Kuma waɗannan yara su ne abokan karatun 'ya'yanmu, suna yi musu tambayoyi na gaskiya: me ya sa kuke kiran Yesu Ɗan Allah, kuma da gaske ne an gicciye shi? Yaron da ba a koya masa ba zai sunkuyar da kai ko ya fusata, alhali 1 Bitrus 3:15 ta ce mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu cikin tawali'u da ladabi.

Ga shawarar da nake bayarwa. Linjilar Luka tana da sura 24, Ayyukan Manzanni kuma 28, jimla 52, daidai da makonnin shekara. A keɓe safiyar Juma'a bayan karin kumallo, a ajiye wayoyi a wani ɗaki, yaron ya karanta surar da bakinsa, sa'an nan a bar shi ya yi tambaya ba tare da an tsawata masa ba, domin ɗan shekara 16 ya wuce a ce masa ya yi shiru ya gaskata kawai. In da hali a karanta da Hausa, harshen da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki a cikinsa tun 1932, don kada yaron ya koma gida ya zauna a sujada kamar baƙo. A kuma gaya masa cewa an taɓa yin masu bi a wannan ƙasa: Kiristocin Najran sun mutu saboda bangaskiyarsu wajen shekara ta 523, kuma an gano kangon wata tsohuwar majami'a kusa da Jubail a 1986.

Tambayar da ta fi ƙarfinku, ku rubuta ta ku aika wa fastonku na gida ta WhatsApp, ku kawo amsar Juma'a mai zuwa. Wanda kuma zai tafi da iyalinsa hutun ƙarshen shekarar karatu, ya yi magana da dattawan ikkilisiyarsa tun yanzu, domin a sa yaron a ajin baftisma cikin makonnin da zai yi a gida.