Ibada muke yi ko ciniki?

Jiya bayan sallar isha'i na ji wani bawan Allah yana cewa, "Na yi azumin Litinin da Alhamis, na yi sadaka, har rago na yanka, amma aikin nan shiru. Ni kam na gaji." Wallahi maganar ta tsaya min a rai.

'Yan uwa, tun shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka taɓa wannan ciwon a birnin Atina na ƙasar Girka. Sukurat, dattijo mai shekara kusan 70, ya je ƙofar kotu saboda an kai ƙararsa cewa ba ya girmama allolin garin, kuma yana ɓata matasa. Can ya haɗu da Yutifuro, mai ganin babu wanda ya kai shi sanin addini, har ƙarar mahaifinsa ya kawo kan mutuwar wani ɗan ƙwadago. Aflatun, almajirin Sukurat, shi ya rubuta hirar. Dattijon ya tambayi Yutifuro, mece ce ibada ta gaskiya? Ya kewaya ya kewaya, ya ce sanin yadda ake yanka da yadda ake addu'a. Sukurat ya ce yanka bayarwa ne, addu'a roƙo ce, ashe ciniki ke nan tsakanin mutane da alloli? To su me suke ƙaruwa da shi? Yutifuro ya sake komawa inda ya fara, ya ce sauri yake yi, ya tafi.

Masu bautar gumaka ke nan, babu Alƙur'ani a hannunsu, amma dattijon ya hango aibin. Mu da muke karanta Suratul Hajji, aya ta 37, cewa naman da jinin ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa gare Shi, mene ne uzurinmu?

Jarrabawa ta matso, sahu ya cika da ɗalibai. Sakamako na fitowa a neme su a rasa. Ɗan kasuwa ya raba koko da ƙosai ranar Juma'a, ranar Asabar yana duban ƙofar shago ko ladan ya fara shigowa. Roƙo ba laifi ba ne, Allah Yana son a roƙe Shi. Amma ka riƙa ƙirga raka'o'i kamar bashi ka ba Ubangijinka? Haba ɗan uwa!

Don Allah kada ka ajiye sallar dare don buƙata ta yi jinkiri. 'Yar uwa, kada ki rufe hannu don ba ki ga sakamako ba. Don Allah mu bari. Ya Allah Ka ba mu ikhlasi.