Tafsirin Yahudawa: inda hankali ke tsayawa ga ƙa'ida

Ba sai ka yarda da aƙidar Yahudawa ba kafin ka yaba yadda malamansu na da suka ɗaure tafsiri da ƙa'ida. Ni abin da ya fi burge ni ke nan a cikin karatunsu. Ana jingina ƙa'idoji 7 ga Hillel, 13 kuma ga Rabbi Isma'il, kuma har yau masu ibadarsu na karanta waɗannan 13 ɗin a addu'ar safe.

Ta farkonsu sunanta kal wa-homer, wadda ɗaliban usulu a wajenmu za su gane da ƙiyasul aula: in hukunci ya hau kan ƙaramin abu, to babba ya fi cancanta. Amma ku ga linzamin da suka sa mata. A Attaura, lokacin da kuturta ta kama Maryamu yayar Annabi Musa saboda maganar da ta yi a kansa, Ubangiji ya ce da mahaifinta ne ya tofa mata yawu a fuska, ai za ta yi kwana 7 cikin kunya. Mai ƙiyasi zai ce to fushin Ubangiji ya kai kwana 14. Talmud, babban kundin fiƙihu da muhawarar malamansu, ya ce a'a, abin da aka ciro ta ƙiyasi ba ya wuce asalin da aka ciro shi, kwana 7 ɗin ya isa. Wallahi wannan tsantsenin ya kwanta mini a rai, domin mai ƙiyasi kullum zuciyarsa na kai shi ga ƙari.

Haka ayar ƙisasi ta Attaura, "ido maimakon ido". Sun ce diyya ake nufi, kuma cikin hujjojinsu har da tambayar: makaho ya tsiyaye idon wani, me za a cire masa?

Inda nake ja da baya shi ne lissafin haruffa, gematriya. Attaura ta ce Annabi Ibrahim ya fita ceto Lutu da mutum 318. Wasu magabata suka lissafa haruffan sunan baransa Eliyeza, suka ga 318 ne cif, sai suka ce shi kaɗai ne ya raka shi. Rashi, babban mai sharhinsu na garin Troyes a Faransa, wanda ya rasu a 1105, ya kawo wannan. Ibn Ezra ɗan Andalus bai karɓa ba. A ganinsa nassi ba ya magana da lissafi, don duk mai so zai iya juya kowane suna ya koma alheri ko sharri. Ina bayan Ibn Ezra ɗari bisa ɗari. Talmud da kansa ya ce aya ba ta fita daga ma'anarta ta zahiri, wato peshat, komai zurfin wa'azin da aka gina a kanta.

Kuma ba a goge ɗayansu ba. A Mikra'ot Gedolot, bugun littattafansu masu tsarki haɗe da sharhi da aka daidaita a Benis ta Italiya a 1525, ayar na tsakiya, Rashi a gefe, Ibn Ezra a ɗaya gefen, ɗalibi na karanta su tare. Jikan Rashi ma, Rashbam, ya saɓa wa kakansa, har ya ruwaito cewa tsohon ya faɗa masa da yana da sauran lokaci da ya sake sharhin bisa ma'anonin zahiri da ke bayyana kullum.